Adafta

adafta (suna, mace, jam'i: adaftoci)

1. Zoben ƙarfe da masu hoto ke ɗaurawa tsakanin gilashin wata kyamara da jikin kyamara maras madubi, don gilashin ya zauna daram. Aikinta cike gibi ne. Gilashin Canon EF an ƙera shi ya tsaya milimita 44 daga farantin ɗaukar hoto, na Nikon F kuma 46.5, alhali na Sony E milimita 18 ne kacal. Saboda haka adaftar EF zuwa E kaurinta milimita 26 ne. Akwai mai mahaɗin lantarki a ciki, wadda ke barin kyamara ta saita hoto da kanta, akwai kuma ta ƙarfe zalla, wadda sai da hannu. Canon da Nikon sun fitar da nasu a 2018.

*Misali:* "Malam, ara mini adaftarka, zan ɗaura dogon gilashina in ɗauko hoton birai a dajin Falgore." "Kada ka saye ta sai ka gwada, mai sako-sako tana ɓata hoton biki."

2. Abin da ake jona filogi da shi a soket ɗin da bai dace da shi ba.