Ƙira Gado Ce, Amma Ƙofarta a Buɗe Take

Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Da wannan karin magana ne mutanenmu suka daɗe suna sallamar duk magidancin da ya nuna sha'awar koyon ƙira bayan ya haura shekara arba'in. To amma idan muka waiwayi tarihin sana'ar, za mu ga dalilin da ya sa ya kamata mu sake shawara.

Ƙira tana cikin tsofaffin sana'o'in ƙasar Hausa. Masana sun gano alamun narkar da tama a Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma labarin baka ya ce wani maƙeri ne mai suna Kano ya taso daga Gaya neman tama, ya zauna a gindin dutsen. Zuriyarsa su ne Abagayawa. A wancan zamani noma da yaƙi duk a hannun maƙeri suke: shi ke ƙera fartanya da lauje da gatari, shi ke ƙera mashi da takobi da linzami. Shi ya sa sarakuna suka naɗa Sarkin Maƙera, aka kuma raba sana'ar gida biyu, maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla.

Hanyar koyonta ɗaya ce. Yaro yakan fara da zuga da ɗauko gawayin ƙirya, daga nan a ba shi riƙon awartaki, sai ƙarfinsa ya kawo a miƙa masa masaba. Kafin ya yi aure, idonsa ya san jan da ƙarfe zai yi a ɗora shi bisa uwar maƙera. Asirin sana'ar kuwa daga uba yake zuwa ga ɗa.

Zuwan Turawa ya girgiza wannan tsari. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ƙarfen waje ya yawaita, aikin narkar da tama ya mutu a hankali. Maƙera suka koma kan tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota. Daga baya makarantar boko ta ɗebe 'ya'yansu, musamman bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Mu da muka riƙe alli a lokacin mun yi murna, kuma har gobe muna yi. Sai dai yaron da ke zaune a aji ba ya zaune a bakin zugazugi, don haka gidajen ƙira da dama suka wayi gari babu magaji.

Duk da haka buƙata ba ta gushe ba. Da darajar Naira ta faɗi bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1986, kayan waje suka yi tsada, manomi ya koma wurin maƙeri neman bakin garmar shanu. Har yau haka abin yake duk gabatowar damina.

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, a cikinmu akwai wanda masaƙa ta rufe ta bar shi, akwai wanda ya aje aiki da sauran ƙarfinsa. Dattawan da suka rage a maƙera suna neman hannun da za su danƙa wa abin da suka sani. Abu mai wuya ga babba shi ne ya yarda ya fara daga inda yaro ke farawa, wato zuga, ya kuma jure gyaran wanda wataƙila ya girme shi. In ya jure, yana da abin da yaro ba shi da shi: haƙuri, lissafi da sanin kasuwa.

Gemu ba ya hana ilimi. Muna kira ga wannan ƙungiya da ta haɗa masu niyya da Sarkin Maƙera tun dattawan suna raye. Allah ya yi mana jagora, amin.