Kiɗan Noma a Ƙasar Kura da Bunkure

Kiɗan noma ya girmi rediyo da faifai a ƙasar Kano, kuma gayya ce gidansa na asali. A ƙauyukan Kura da Bunkure, kamar sauran karkarar Hausa, idan damina ta kankama ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, sai ya kira gayya. Samari su jeru da garma, kowa ya kama kunyarsa, makaɗa na gefe da gangar noma. Aikin makaɗi ya wuce nishaɗi. Shi ke saita saurin aiki, ya yi wa wanda ya wuce gaba kirari da sunan ubansa da kakansa, ya yi wa rago zambo har sai ya zabura. Ladan 'yan gayya fura da tuwo ne. Makaɗi kuwa kyauta yake samu, da damin hatsi in kaka ta yi.

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta sauya wannan tsari. Ruwa ya biyo kanal ya shigo gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, daga baya Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are ta karɓi ragamar aikin. Noma ya zama na shekara duka: alkama da tumatir da rani, shinkafa da damina. Tarakta ta karɓi huɗa, ƙwadago na kuɗi ya rage wa gayya ƙarfi, domin mai jiran ranar ban ruwansa ba ya da lokacin tara samarin gari. Makaɗin da babu gayya kuwa sai ya koma gidan biki da filin dambe.

Waƙar ba ta bar gona ba, akwati ta shiga. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da Rediyon Kano, sun kai muryar manyan makaɗa har kan kunya: Mamman Shata da kalangunsa, Musa Ɗankwairo da kotso, Haruna Uji na Hadeja da gurmi, Ɗan Maraya Jos da kuntigi, da Ɗan Anace, wanda ya yi wa manoma da 'yan dambe waƙoƙin da har yau ake nema. Manomi ya rataye rediyonsa a reshen bishiya yana gyara kwami. Da kaset ya yawaita, aka shiga aro da kwafi, kaset ɗaya ya zaga majalisa har sai zarensa ya tsinke a liƙe shi. 

Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, amma masu sauraronsu ba su ragu da mutuwarsu ba. Yanzu masu tura waƙa a kasuwa ne ke cika wa manoma memori, wayar hannu ta maye gurbin rikoda. Asarar da aka yi tana wajen ƙananan makaɗan gayya na ƙauye: kamfanonin faifai da gidajen rediyo manyan suna suka fi ɗauka, don haka yawancin kirarin manoman yankin a bakin dattawa kaɗai ya rage.