Zubar Jini Daga Dasashi a Tsakanin Ma'aikatan Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai: Musabbabi da Hanyoyin Kariya

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da ilimin likitancin haƙori ya tabbatar game da zubar jinin dasashi, sannan ta auna shi da yanayin aiki a rukunonin masana'antu uku na Kano. Matsayinta shi ne, dattin da ke manne wa haƙori ne babban musabbabi, yanayin aiki kuwa yana ƙara tsananta matsalar. Don haka ɗora laifin kacokan kan sinadarai yana kawar da hankali daga abin da ma'aikaci da asibitin kamfani za su iya gyarawa.

Gabatarwa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutane kusan biliyan 3.5 na fama da cututtukan baki, kuma ciwon dasashi mai tsanani ya shafi kusan kashi 19 cikin ɗari na manya. Farkon alamarsa jini ne a kan magogi ko aswaki. Da yake ba ya zafi, ba kasafai ake zuwa asibiti a kansa ba sai haƙori ya fara girgiɗi.

Asalin ciwon

Ƙwayoyin cuta suna taruwa su zama wani danƙon datti a mahaɗar haƙori da dasashi. Jiki yana mayar da martani da kumburi, jijiyoyin jini su buɗe, har taɓawa kaɗan ta jawo jini. A 1965 Harald Löe da abokan aikinsa a Denmark suka sa masu lafiyayyen baki su daina wanke haƙori. Cikin kwana 10 zuwa 21 kumburi ya bayyana, da suka koma wankewa kuma ya lafa cikin kusan mako guda. Darasin gwajin ya saɓa wa abin da mutane da dama ke yi, wato kauce wa wurin da ke jini lokacin goge baki. Wurin nan shi ya fi buƙatar gogewa, sai dai a hankali.

Idan dattin ya daɗe yakan daskare ya yi tauri, magogi ba ya iya cire shi. Daga nan ciwon kan gangara ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙori, ƙashin da ya zaizaye kuwa da wuya ya dawo.

Ina yanayin aiki ya shigo?

An san Challawa da kamfanonin jimar fata masu amfani da gishirin kuromiyam, Sharaɗa da robobi da kayan abinci, Bompai kuwa, wadda ta girme su, da alewa da biskit da makamantansu. An yi rubuce-rubuce masu yawa kan ruwan dagwalon da ke kwarara daga nan zuwa kogin Challawa da rafukan Salanta da Getsi. Bakin ma'aikacin da ke tsaye a gaban injin shi ma ya cancanci irin wannan kulawa.

Akwai sinadaran da tasirinsu a baki tabbatacce ne. Tun 1840 Henry Burton ya bayyana shuɗin layi a gefen dasashin masu gubar dalma, alamar da ya kamata duk mai duba masu aikin batir ko fenti ya sani. Tururin asid yana zaizaye fatar haƙori, ƙurar sukari a wurin yin alewa kuma tana ƙara ruɓewarsa. Amma ko layin Burton ya fi fitowa a bakin da datti ya taru.

A ganina, hanyar da aiki ya fi bi ya cutar da dasashi ta yau da kullum ce. Mai aikin dare kan dawo a gajiye ya kwanta bai wanke baki ba. Shayi mai sukari da lemon kwalba su ne abin riƙe ciki tsakanin zango da zango. Zafin injin da ƙurar hunturu suna busar da baki, yawu kuwa shi ne mai wanke haƙori na asali. Sai taba sigari, wadda lamarinta ke da ruɗarwa: tana matse jijiyoyin dasashi, jini ya ragu alhali ciwon na ci a ƙasa. Wanda ya daina sha zai iya ganin jini ya ƙaru a farko, wannan bai zama dalilin komawa ba.

Lokacin da jinin ke nuni da wani ciwo

Ciwon suga da ba a shawo kansa ba yana tsananta ciwon dasashi, shi ma ciwon dasashin yana wahalar da daidaita sukarin jini. Juna biyu na ƙara kumburi. Wasu magungunan hawan jini irin su nifedifin da amlodifin kan kumbura dasashi, masu tsinka jini kamar wafarin kuma kan tsawaita zubarsa. Kada a dakatar da su sai da shawarar likita. Ƙarancin bitamin C ma na jawo zubar jinin dasashi, gwaiba da lemo da ɗanyen tumatir suna toshe wannan giɓi da araha. Jinin da ke zuwa ba tare da an taɓa ba, tare da kasala ko zazzaɓi, yana buƙatar gwajin jini ba da jinkiri ba, domin sankarar jini kan fara bayyana haka.

Kariya

A wanke baki sau biyu a rana, minti biyu-biyu, da magogi mai laushi da man da ke ɗauke da fuloraid, na kafin barci shi ne mafi muhimmanci, ko da barcin na rana ne. Aswaki yana aiki sosai in an tausasa bakinsa, sai dai yana wuyar kaiwa bayan turame. Gawayi da toka suna kankare fatar haƙori, tsinken sakace kuma yakan ji wa dasashi rauni, zaren sakace ya fi shi. Jinin da ya wuce mako biyu duk da gogewa mai kyau sai a kai shi sashen haƙori, kamar na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, a kankare daskararren dattin.

Nauyin bai tsaya kan ma'aikaci ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta samar da ruwan sha da wurin wanke jiki a wuraren aiki. Ya dace a shigar da duba baki cikin gwajin lafiyar ɗaukar aiki da na shekara-shekara, ana rubuta sashen da mutum ke aiki, da zangonsa, da shan taba, da ma'aunin sukarinsa. Da irin wannan kundi masu bincike a Tsangayar Likitancin Haƙori ta Jami'ar Bayero za su iya kwatanta majemin Challawa da mai naɗe alewa a Bompai, su rarrabe rabon sinadari da rabon aikin dare.