Wa Zai Yi Me? Tarihin Rabon Aiki Tsakanin Mutum Da Na'ura

Yau Amurka zan kai ku, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Akwai jirgin yaƙi B-17 da matuƙa ke yawan janye tayoyinsa bisa kuskure wajen sauka, ya kwanta a kan cikinsa. Kowa ya ce sakacin matuƙi ne. Sai wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba. Ashe makunnin taya da na fiffike kamarsu ɗaya, ga su dab da juna. Mutumin da ya kwaso gajiya, ina zai bambance? Aka sauya wa kowanne siffa yadda hannu zai gane shi ko ba a kalla ba, matsalar ta kau.

Daga nan masana suka fara tambaya: wane aiki ya dace da mutum, wane ya dace da na'ura? A 1951 Paul Fitts ya jagoranci wani rahoto kan kula da zirga-zirgar jirage, ya kasa aiki gida biyu. Sauri, ƙarfi, lissafi da maimaita abu ɗaya ba gajiya, na na'ura ne. Gane abu cikin ruɗani, dabara da yanke hukunci, na mutum ne.

To ga inda ni na fi tsayawa. Da na'ura ta kwashe nata kason, me ya rage wa mutum? Zaman gadi. Alhali tun 1948 Norman Mackworth a Ingila ya gwada ya ga bayan rabin awa kawai hankalin mai sa ido yake fara tafiya. Ku tuna yadda gyangyaɗi ke ɗibar mutum a doguwar tafiya. A 1983 Lisanne Bainbridge ta ƙara da cewa mai gadin nan hannunsa yana sanyi don ya daina yi, kuma ranar da abu ya ɓaci shi za a miƙa wa.

Haka ta faru ran 1 ga Yuni, 2009. Jirgin Air France daga Birazil zuwa Faransa, ƙanƙara ta toshe ma'aunin gudunsa cikin dare, na'urar tuƙi ta saki, ta bar wa matuƙan. Suka kasa gane halin da jirgin ke ciki. Cikin minti huɗu da ɗan wani abu ya faɗa Tekun Atalantika da mutum 228.