Koken Mazauna Gine-ginen da Aka Yi Watsi da Su: Nazari kan Gobarar Usindiso a Johannesburg

Tsakure

Maƙalar nan ta yi nazarin halin da mazauna yasassun gine-gine suke ciki a tsakiyar birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu. Ta ɗauki gobarar ginin Usindiso ta 2023 a matsayin misali, ta kuma dogara da rahoton Kwamitin Bincike na Khampepe da hukunci biyu na Kotun Tsarin Mulki. Nazarin ya gano cewa hukuma ta san da haɗarin shekaru kafin wuta ta tashi, kuma kallon masu laifi da ake yi wa mazauna ya sa aka toshe kunne ga kokensu.

Gabatarwa

Da tsakar daren wayewar Alhamis, 31 ga Agustan 2023, wuta ta kama wani bene mai hawa biyar a lamba 80, titin Albert, unguwar Marshalltown. Gari na wayewa sai ga barguna da zannuwan gado suna reto daga tagogi, waɗanda mutane suka ƙulla don su sauko. Wasu dirowa suka yi. Mutum 76 suka rasu, har da yara 12, kuma da yawa cikin mamatan 'yan ci-rani ne daga Malawi da Tanzaniya.

Mamallakin ginin shi ne hukumar birnin kanta.

Yadda ginin ya zama yasasshe

A 1954, zamanin mulkin wariyar launin fata, aka buɗe wurin a matsayin ofishin da baƙar fata ke bin layi don karɓar takardar izinin zama da aiki a birni. Bayan faɗuwar wancan mulki aka mai da shi mafakar mata da yara da aka ci zarafinsu, inda ƙungiyar Usindiso ta karɓi hayarsa. Da kuɗin tafiyar da mafakar suka yanke, sai ginin ya koma hannun wasu masu karɓar kuɗin haya ba da izinin kowa ba.

Labarin unguwar ke nan baki ɗaya. Tun daga shekarun 1980 manyan kamfanoni suka riƙa ƙaura zuwa arewacin birni, har kasuwar hannun jari ta koma Sandton a 2000. Masu gidaje da dama sun daina gyara, sun daina biyan haraji, wasu ma sun ɓace. Talakawa kuwa suna neman wurin kwana kusa da inda suke talla, gadi ko aikatau. A bakin jami'ai da 'yan jarida, sunan irin waɗannan benaye “gine-ginen da aka ƙwace”.

Abin da mazauna suka shaida

Gwamnan lardin Gauteng, Panyaza Lesufi, ya naɗa tsohuwar alƙaliyar Kotun Tsarin Mulki, Sisi Khampepe, ta jagoranci bincike. Shaidar waɗanda suka tsira ta fito da hoton gidan dalla-dalla. An yanka manyan ɗakuna zuwa ƙananan bukkoki na katako. Wutar lantarki ta sata ce, wayoyi a tsirara. Bututun kashe gobara an mai da su na ɗiban ruwan amfanin gida. Shara ta taru, hanyoyin fita na gaggawa sun toshe, kuma tsoron ɓarayi ya sa an girka ƙofofin ƙarfe ana kulle su da dare. Waɗannan ƙofofi ne suka tare mutane da hayaƙi ya turnuƙe.

A watan Janairun 2024 wani mutum ya amsa a gaban kwamitin cewa shi ya kunna wutar don ya ɓoye gawar wanda ya kashe. Duk da haka, rahoton da aka miƙa a watan Mayun 2024 ya ɗora wa hukumar birnin da kamfaninta na kula da kadarori wani kaso na alhakin, domin tun 2019 sun san halin da ginin ke ciki, ba su aiwatar da dokokinsu na gobara da tsabta ba. A wannan shekara ta 2019 'yan sanda sun kai samame gidan, sun kama baƙi fiye da ɗari, amma gyara bai biyo baya ba.

Tattaunawa

Jami'ai kan ce doka ta ɗaure musu hannu. Sashe na 26 na Tsarin Mulkin 1996 ya hana korar mutum daga muhallinsa ba da umarnin kotu ba. A shari'ar titin Olivia ta 2008, kotu ta wajabta wa hukuma ta zauna ta tattauna da mazauna da gaske kafin ta fitar da su daga gini mai haɗari. A shari'ar Blue Moonlight ta 2011 kuma, ta ce dole birnin ya tanadi masaukin wucin gadi ga wanda kora za ta bar shi a titi, ko da ginin na ɗan kasuwa ne.

Babu ɗaya cikin hukunce-hukuncen nan da ya hana kwashe shara, buɗe hanyar fita ko kawo ruwa. Abin da ke hana mazauna matsa lamba a fili yake: wanda ba shi da takardar zama, ko mai tsoron masu karɓar haya, ya san kai ƙara na iya jawo masa samame ko kora.

Kammalawa

Nazarin ya ba da shawarar a raba duba lafiyar gini da farautar baƙi, a kafa kwamitocin mazauna da hukuma za ta riƙa saurara, a kuma fara gyaran gaggawa daga gine-ginen da birnin ya mallaka. Kwamitin Khampepe ya nemi a rushe Usindiso, a kafa allon tunawa da mamatan. Da yawa cikin waɗanda suka tsira kuwa, a ƙarshen 2023 an kwashe su zuwa ɗakunan kwano a unguwar Denver da ke gabashin birnin.