Tarihin Kwalta: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Shimfiɗa Ta A Harabar Gidanka

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da manhaja, mu dubi wata fasaha da muke takawa kullum, wato kwalta. Mutane da yawa yanzu suna son shimfiɗa ta a harabar gida, makaranta ko gaban shago, amma sau da yawa kafin damina biyu sai ka ga ta fara ramuka. Kuɗi sun tafi, taɓo ya dawo. To ina matsalar take? Tarihin kwaltar da kansa ya ba da amsa.

Daga ƙasa ta fara ɓuɓɓugowa

Baƙin abin nan mai danƙo da ke riƙe kwalta, sunansa bitumin, kuma ba Bature ne ya ƙirƙiro shi ba. Tun zamanin da yake ɓuɓɓugowa da kansa a garin Hit, bakin kogin Furat, a Iraƙi ta yau. Mutanen Babila sun yi ta liƙe jiragen ruwa da shi, suna haɗa tubalin gini da shi. Wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da shi suka ɗaure tubalan babban titin birninsu. A tsibirin Tirinidad akwai tafki guda na wannan danƙo, inda Walter Raleigh ya toshe ɓarakar jiragensa a 1595. Mu ma muna da shi kwance a Agbabu, jihar Ondo.

Amma danƙo kaɗai ba ya zama hanya. Wanda ya gano sirrin hanya ma, bai taɓa amfani da shi ba.

Mutumin da ya yi faɗa da ruwa

John McAdam ɗan Sikotilan ne. A 1816 aka ba shi kula da hanyoyin yankin Biristol a Ingila. A lokacin, masu gina hanya sun ɗauka sai an jera manyan duwatsu a ƙasa kafin hanya ta ɗauki kaya. Shi kuwa ya ce ƙasar wurin ita ce ke ɗaukar nauyin komai, muddin a bushe take. Da zarar ta jiƙe, ko me ka ɗora a kanta zai lotsa.

Saboda haka ya yi abu uku. Ya ɗaga hanya sama da ƙasar da ke gefenta. Ya yi mata ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangare. Sannan ya sa a farfasa dutse ƙanana masu kaifi-kaifi a zuba hawa-hawa, domin tsakuwa mai kusurwa tana cije juna, ba kamar mulmulalliyar tsakuwar rafi da ke zamewa ba. Hanyoyinsa sun yi arha, sun yi ƙarko, har tsarin ya bazu Turai da Amurka.

Gangar da ta faɗi a hanya

Sai ga mota ta zo. Ƙafar ƙarfe ta keken doki niƙe tsakuwa take ta ƙara daɓe ta, amma tayar roba mai gudu tsotso garin take ta watsar. Ƙura ta ishi jama'a, hanya ta riƙa warwarewa.

A 1901, Edgar Hooley, mai kula da hanyoyin yankin Nottingham, yana wucewa kusa da wata masana'antar ƙarfe a Denby, sai ya ga wani yanki na hanya sumul, ba ƙura ba rami. Da ya tambaya aka ce masa gangar baƙin ruwan kwal ce ta faɗi ta fashe, aka zuba tarkacen narkakken ƙarfe a kai don a rufe ɓarnar. Ya ɗauki dabarar ya inganta, ya yi mata rajista a 1902. Daga sunan Turanci na wannan baƙin ruwan kwal, “kol ta”, muka samu kalmarmu ta kwalta.

A Amurka kuwa tun 1870 Edward de Smedt, ɗan Beljiyam, ya shimfiɗa titin bitumin a birnin Newark. Da matatun mai suka yawaita, sai bitumin ya zama abin da ke saura a ƙasan tukunya bayan an tace ɗanyen mai. Shi ya ture ruwan kwal, wanda daga baya aka gano yana ɗauke da sinadaran da ke jawo ciwon daji. Ke nan abin da muke takawa yau ba kwal a cikinsa, suna ne kawai ya rage. Kusan kashi 95 cikin ɗari na kwalta tsakuwa ce da yashi, bitumin kuwa wajen kashi 5 ne.

Me za ka ɗauka daga nan?

Idan ɗan kwangila ya zo, kada baƙin da ke sama ya ruɗe ka. Ka tsaya a kan waɗannan:

1. A kwashe ƙasar sama mai ciyawa da shara, a zuba marmara da fasasshen dutse, rola ta daɓe kowane hawa daban. A nan ake cin kuɗin mutane, don idan an rufe ba mai gani.

2. A yi gangara wajen santimita 2 a kowace mita, ta nufi kwata, ba jikin katanga ba.

3. Kwalta da zafinta ake shimfiɗawa, kusan digiri 150. In ta huce a cikin tifa, ba za ta daɓu ba.

4. Ga ƙananan motoci, kaurin santimita 5 bayan daɓe ya wadatar. In tifa ko tanka za ta riƙa shiga, sai an ƙara kauri da ƙarfin ƙasan.

5. Fetur, gas da baƙin mai suna narka bitumin, tunda uwarsu ɗaya. Wurin janareto ko gyaran mota, siminti ko intalok ya fi.

6. Kafin damina ka zagaya. Duk tsagar da ka gani a cike ta da bitumin, don ta nan ruwa ke shiga ya jiƙa ƙasa, daga nan sai rami.

Shekara 200 ke nan da McAdam ya ce a tsare ƙasa daga ruwa, kuma har gobe a nan kwalta ke rayuwa ko ta mutu. Ranar da ake daɓen ƙasa, ranar ya kamata ka ajiye komai ka tsaya a wurin da kanka.

In kun san wanda ke shirin irin wannan aiki, ku tura masa kafin ya biya kuɗin kafin alƙalami. Allah Ya sa mu dace.