Naruto ko Naruuto? Tarihin yadda Japananci ya shiga haruffan boko

1/ Jiya a wani guruf na masu kallon anime aka yi wa ƙanena dariya saboda ya ce "Naruto" gajere, shi kuwa mai gyara masa ya ce ai "Naruuto" ne, yadda yake ji a fassarar Turanci. Yaron ya ji kunya ya yi shiru. Abin ya tsaya min a rai, don wallahi shi ne a kan daidai. Ku gyara zama, zaren tarihi ne.

2/ Japanawa ba da haruffan boko suke rubutu ba. Suna da kanji da suka aro daga Sin, sai hiragana da katakana. Abin da muke gani a ƙasan allo, irin su "Sasuke" da "shonen", sunansa romaji, kuma baƙi ne suka fara kawo shi.

3/ 'Yan Portugal sun sauka tsibirin Tanegashima a 1543, 'yan mishan suka biyo baya a 1549. A 1603 suka buga ƙamus na Japananci a Nagasaki. A cikinsa sunan ƙasar "Nifon" ne, mutum kuma "fito". Yau ana cewa Nihon da hito. Wato sautin f na wancan zamanin ya koma h.

4/ Wannan bai tuna muku komai ba? Bakano ya ce tafi, Basakkwace ya ce tahi. Huɗu da fuɗu. F ɗinmu da leɓe biyu muke hura ta, babu haƙori, haka ma ta Fuji. Bature kuwa sai ya ɗora haƙori a leɓe.

5/ Sai wani likita ɗan mishan daga Amurka, James Curtis Hepburn, ya isa Japan a 1859. Ya fitar da ƙamus ɗin Japananci da Turanci a 1867. Tsarin rubutun da ke bugu na uku na 1886 shi ya ɗauki sunansa: baƙaƙe irin na Turanci, wasula irin na Latin. A, e, i, o, u. Daidai yadda muka koya a firamare.

6/ Amma ba kowa ya yarda ba. Wani masanin kimiyya, Tanakadate Aikitsu, ya kawo nasa tsarin a 1885, wanda ke bin jerin haruffan kana. Daga shi aka samo Kunrei, da gwamnati ta amince da shi a 1937. A nan shi "si" ne, chi "ti", fu "hu". Dutsen Fuji ya zama Huzi.

7/ Su a wajensu akwai hujja. T idan ta haɗu da i, da kanta take komawa ci, s kuma ta koma shi. Mu ma haka muke: mota, motoci. Ƙasa, ƙasashe. Da na gano wannan sai da na yi dariya ni kaɗai.

8/ Bayan yaƙi a 1945, sojojin mamaya na Amurka suka sa a yi allunan tashoshi da tituna da Hepburn. A 1954 gwamnati ta sake tabbatar da Kunrei, makarantu suna koyarwa, amma fasfo da tashoshin jirgi suna kan Hepburn. Sai a 2025 kwamitin al'adu na gwamnati ya ba da shawarar a koma Hepburn a hukumance.

9/ To ina matsalar take? Dogon wasali. Asali ana ɗora masa ɗan layi a sama, amma a fasfo da fastoci da sabtaitil sai a yar da shi. Tokyo a bakinsu Tookyoo ce. Goku, Gokuu. Gojo, Gojoo. Tanjiro, Tanjiroo. Naruto kuwa gaɓa uku ne, duk gajeru.

10/ Kuma ma'ana tana canzawa. Obasan goggo ce ko inna, obaasan kaka. Jujutsu na Jujutsu Kaisen tsafi ne, juujutsu mai dogon u kokawa ce. Bokonmu ma haka ya yi mana: gari da muke zaune da gari na tuwo rubutu ɗaya, baki ne ke raba su.

11/ Baƙi mai ruɓi ma mun san shi. Daba daban, dabba daban. Su kuma kite "zo", kitte kan sarki na wasiƙa. Shippuden sai ka danne p ɗin, ka ja u. Sannan suna da hawa da saukar murya: ame ruwan sama, ame alewa. Kamar kai na jiki da kai da nake wa magana.

12/ Kar mu cika baki dai, akwai inda muke tuntuɓe. Tsu ɗinsu ba ta da ƙarfin ts ɗin tsuntsu, sassauta maƙogwaro. U da i sukan ɓace tsakanin wasu baƙaƙe: Sasuke a kunne Saske ne, desu kuma des. Ba su da l, shi ya sa Luffy yake Rufi, da r mai taɓa dasashi sau ɗaya.

13/ Shawarata: cire fassarar Turanci na minti biyar, saurari yadda masu muryar asali suke kiran sunan, ka maimaita da bakin da ka tashi da shi. In wani ya yi kuskure, gyara masa cikin mutunci, kowa a allo ya koya.

14/ Na tura wa ƙanena wannan kafin in saka shi a nan. Ya ce in ƙara cewa Itachi ana karanta shi Itaci, da c ɗinmu ta cinya. Na ƙara. Wane suna ne kuka daɗe kuna kira ba daidai ba? Ni dai Gojoo ne ya kama ni.